Koren Biskit a Tandar Ammu Shahata

Abin da na fara gani ranar da na shiga gidan Ibu shi ne hannuwanta biyu a nutse cikin kwanon ruwan ƙanƙara har wuyan hannu. Fuskarta sai daga baya na gani, don a lokacin ba na iya ɗaga kai in kalli babba. Inna ce ta aike ni in mayar da rariyar da muka ara. Gini ɗaya muke a unguwar Abbasiya da ke Alƙahira, mu a hawa na biyu, su a na huɗu. Mu mutanen Maraɗi ne, Baba yana kawo fata yana komawa da littattafai. Su kuma daga Indonesiya suka zo, mijinta yana karatun addini. Misirawa suna ce mata Ummu Ridwan, amma ni ta ce in kira ta Ibu, wato uwa a harshensu. Shekarata goma sha biyu.

Na tsaya da rariyar a bakin ƙofar kicin. Ta fitar da hannunta, ta share da tsumma, ta kama nawa ta juya shi ciki da baya. Ta ce da Larabcinta mai tsalle-tsalle, "Hannunki da sanyi. Gobe ki hawo bayan sallar asuba."

Yau shekara shida ke nan. Ina ajin ƙarshe na sakandare, kuma biskit ɗin da kuke ci a gidajen suna da ranar Sallah, mai kore da mai abarba a tsakiya, ni nake yin sa. Na rubuta wannan ne saboda ku 'yan matan da kuke tare ni a bakin makaranta kuna cewa, "Zuwaira, mu zo ranar Juma'a ki koya mana, ai fulawa ce da sukari kawai." Da baki ba na iya ba ku amsa, kun san halina. A takarda zan iya.

Wankin man shanu ne aikina na farko. Iri biyu muke samu. Akwai na kwali mai ruwan ɗorawa da ake bin layi a saya a shagon gwamnati, wanda ake kira gam'iyya. Akwai kuma na ƙauye, fari, da mata suke kawowa a kwano a ka. Na ƙauyen ya fi ƙamshi amma cike yake da ruwan nono, in kika zuba shi haka a fulawa biskit zai baje a tire kamar waina. Sai a sa shi a ruwan sanyi a matse da muciya, a zubar da ruwan, a sake, har ruwan ya fito garau. Sau bakwai, wani lokaci sau tara. Ibu ba ta taɓa gaya mini ya isa ba. Takan ɗauki kwanon ta ɗaga shi wajen taga ta kalli ruwan, in ta ajiye ba ta ce komai ba, to a sake.

Kuma duk wannan kafin rana ta fito ake yi. A zafin Alƙahira man shanu ba ya jiran kowa. Ƙarfe bakwai na safe in kwaɓi bai shiga tire ba, ya fara gumi, kuma kwaɓin da ya yi gumi ya tashi daga aiki. Shi ya sa take tsoma hannu a ƙanƙara. Ni nake sauka in karɓo guntun ƙanƙara daga mai amalanke, a naɗe da buhu, in hau da shi hawa huɗu yana ɗiga a ƙafata. In mun gama in sauko in sa kayan makaranta, hannuna yana ƙamshin man shanu har lokacin tashi.

Wata uku ban taɓa kwaɓi ba. Suyar sitaci nake yi. Ana zuba garin a kasko babu mai, wuta kaɗan, a yanka ganyen pandan a jefa ciki, a yi ta juyawa. Pandan ganye ne dogo siriri kamar na rake, ƙamshinsa kamar sabuwar shinkafa da aka buɗe murfin tukunyarta. Ba ya fitowa a Masar. Ibu ta zo da ɗan tsironsa ne daga gida a naɗe cikin jiƙaƙƙen zane, ta dasa a gwangwanin samna, wato man girki na kanti, a baranda. Da sanyi takan shigo da shi ɗaki ta lulluɓe shi da tsohuwar rigar mijinta. Ganyen da ke cikin kaskon shi ne agogo. In kin ɗauko shi ya karye ƙaras a yatsa, garin ya bushe. In ya lanƙwashe, da saura. Garin da aka soya haka shi ne yake sa biskit ya narke a baki kafin haƙori ya same shi. Wanda bai soya ba, dutse zai ba baƙonsa.

Koren launin ma ba kala ba ce ta kanti. Ganye goma ake dakawa a ƙaramin turmi da cokali biyu na ruwa, a tace da farin ƙyalle a cikin kofin gilashi, a bar shi ya kwana. Da safe za ki ga ya rabu biyu, sama ruwa-ruwa, ƙasa kore mai duhu bai fi kaurin farce ba. Na ƙasan kawai ake so. Ranar da na fara tsiyaye na saman kofin ya motsa, suka haɗe. Ibu ta kalli kofin ta kalle ni ta ce, "Gobe." Aikin ranar ke nan ya tafi.

Tuƙin abarba kuma awa huɗu ne a tsaye. A goge abarba a magogi, kar a markaɗa, a zuba sukari da kanumfari uku da sandar kirfa, a yi ta tuƙawa har ya daina tofar da ruwa ya kama jikinsa, a iya mulmula shi. Yana tsalle yana ƙona mutum. Ku dubi bayan hannuna na dama in mun haɗu, ɗigo-ɗigon nan ba ƙuraje ba ne.

Kayan aikinta duka a gwangwani ɗaya suke. Ƙarafan yanka na tagulla guda biyar, mai fure, mai ganye, mai kifi, da zagaye biyu. Ɗan hantsaki mai haƙora da ake tsinkar gefen biskit ɗin abarba. Muciya. Gashin kaza uku a ɗaure, na shafa gwaiduwar ƙwai. Tandarta kuwa ƙarama ce ta butagaz, wato mai aiki da gas, lambobin jikinta sun goge tun kafin ta shigo gidan. In tana so ta san zafinta sai ta ce in yago takarda daga littafin makarantata. A sa takardar a ciki a ƙirga ɗari. In ta fito fara, wuta ba ta kai ba. In ta fito kamar shayi da madara, tamam. In ta yi kamar gahawa, a buɗe ƙofa a jira. Littafin lissafina na aji ɗaya rabinsa a tandar nan ya ƙare.

Abu na ƙarshe da ta koya mini, kuma shi ne wanda ba wanda yake yarda da shi sai ya gani, shi ne cewa koren biskit ba a duba samansa. Samansa kore yake shiga, kore yake fita. Ƙasansa ake dubawa. A ɗaga ɗaya da wuƙa, in gindin ya yi launin yashi, a fitar da tiren nan take. Wanda ya tsaya jiran saman ya yi ja, gawayi yake jira.

Masu sayenmu yawanci matan ma'aikatan ofisoshin jakadanci ne a unguwar Mohandessin. Ni nake kaiwa ranar Alhamis bayan makaranta, bas biyu, gwangwani a cinya, hannu biyu a kai saboda ramukan hanya. Babbar mai sayenmu Hajiya Binta ce, mutuniyar Zariya, ita ta kawo mana sauran. Ba ta karɓar gwangwani sai ta buɗe a gabanki ta ciro na can ƙasa ta duba ko ya karye. Takan ce, "Ke dai ba kya magana, amma kin iya riƙon kaya. Ki gaida 'yar Sin ɗin taku." Sau uku Ibu ta aika mata cewa ita ba 'yar Sin ba ce. Bai hana ba.

Shekarar wahala ta zo ina aji uku. Mijin Ibu ya gama karatu, suka tattara za su koma gida, saura wata ɗaya azumi. Ta sauko da kanta har hawa na biyu da gwangwanin kayan aiki a hannu ɗaya, gwangwanin pandan a ɗayan, ta ajiye a gaban Inna. Ta ce, "Na Zuwaira ne. Matan garinmu da ke unguwar Ainu Shams sun roƙa, na hana su." Tanda ce kawai ba ta iya ba ni ba, don ta mai gidan haya ce. Mu kuwa ba mu da tanda. Risho biyu gare mu.

A shekarar ne kuma man shanu ya ɓace daga gam'iyya. Sai ki bi layi tun safe ki kai gaba a ce khalas, wato ya ƙare, sai wani makon. Matan ƙauye ma sun rage zuwa. Maƙwabta suka ce in sa samna ta gwangwani, kowa ita yake sawa, wa zai gane. Ni zan gane. Biskit ɗin samna yana barin maiƙo a dasashi, kuma yana danne ƙamshin pandan. Na ƙi. Na bi layi na tara kaɗan-kaɗan a firijin maƙwabciyarmu har na sami abin da zai yi kwaɓi biyu.

Hajiya Binta ta kira ni tsakiyar azumi. Ta ce, "Na ji malamar taku ta tafi. To yanzu wa zai yi mini na Sallah? Ina da baƙi daga ofishin maigida."

Na ce, "Ni."

Ta ce, "Ɗaga murya, ban ji ba."

"Ni, Hajiya."

Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi. Ta ce, "Kai kaya daban, yin kaya daban. Amma shi ke nan. Gwangwani huɗu na kore, kwana biyu kafin Sallah. In ba su zo kamar na da ba, ma'alish, ba komai, kanti zan koma, kuma sauran matan ma ba zan hana su ba."

A gida Baba ya ce nasa. Ya ce sana'ar ta matar ce, ta tafi da abinta. Ya ce in wannan na Sallah bai yiwu ba, shi da kansa zai kai gwangwanin kayan aikin nan Ainu Shams wajen masu shi, ni in kama littafi. Bai faɗa da faɗa ba. Baba in ya faɗi abu a hankali, to ya gama.

Wanda ba shi da tanda a Abbasiya gidan burodi yake kai kayansa. Haka kowa yake yi a goman ƙarshe na azumi. Mata suna kwaɓa kahak, wato zagayayyen cincin ɗin Sallah na Misirawa, su jera a manyan tirori baƙaƙe da ake arowa daga gidan burodin, a rubuta sunan gida da alli a gefe, a ɗauka a ka. Na unguwarmu na Ammu Shahata ne, wato Baffa Shahata, wani dattijo mai kauri wanda gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Tandarsa a cikin rami take, matakala uku ƙasa, kuma dokar wurin kowa ya san ta. Ki miƙa tirenki daga sama, ki koma bakin titi ki jira. Ba mai sauka ramin sai shi. Ba mai gaya masa yaushe abu ya nuna. Tun kafin a haifi uwayenmu yake gasa kahak ɗin unguwar.

Na yi kwaɓin farko da asuba, tire shida, na rufe da jiƙaƙƙen zane a wuri mai sanyi, na kai da la'asar lokacin da kowa yake kaiwa. Ya karɓi na farko ya tsaya yana kallo.

Ya ce, "Wannan kuma mene ne, ya binti? Biskit ɗin mulukiyya?"

Matan da ke layi suka kwashe da dariya, don mulukiyya koriyar miyar lalo ce ta Misirawa. Wata ta ce, "A ƙasarsu da miya ake ci." Wata ta ce ai ya yi funfuna tun bai shiga wuta ba. Na sunkuyar da kai na koma bakin titi.

Daga inda na tsaya ina hango bakin tandar. Wutar tana ruri, ta burodin buɗa-baki ce. Ya tura tirorina tsakanin na kahak da dogon katakonsa mai faɗin baki. Ban kai ga ƙirga ɗari uku ba ƙamshin pandan ya iso titi, na san gindin ya yi yashi. Na ga ya jawo tire ɗaya ya leƙa, ya ga kore, ya mayar. Na buɗe baki. Na tuna dokar wurin, na rufe. Ya sake jawowa, ya sake mayarwa. Ƙamshin ya juya ya zama na ƙonannen sukari, ina tsaye ina ji.

Da ya miƙo mini su yana share gumi, cewa ya yi, "Abin nan naki taurin kai gare shi. Kore ya shiga, kore ya zauna, sai da na ƙara masa wuta sannan ya yi kama da abinci. Yalla, na gaba."

Ba mugunta ya yi ba. A ganinsa taimakona ya yi. Saman ya yi ja kamar yadda yake so, ƙasan baƙi ƙirin. Tire shida, ko ɗaya ba a ci ba. Inna ta gwada kankare gindin da wuƙa bayan an sha ruwa, ta tauna, ta tashi ta nemi ruwa.

Ta ce, "Gobe zan je in same shi."

Na ce, "A'a, Inna."

"To wa zai je? Ke da ko mai wake ba kya iya kira ta taga sai ya wuce?"

Baba yana jin mu. Saura kwana shida Sallah, saura man shanu na kwaɓi ɗaya, kuma ganyen da ya rage a jikin pandan ɗin ba zai kai na uku ba ko da an sami man.

Kwana uku na yi ina zama a dakalin da ke kallon gidan burodin, da littafi a buɗe a cinya, tun safe har azahar. An yi hutun makaranta, ba wanda ya tambaye ni. Abin da na gani shi ne wannan. Da hantsi, in burodin safe ya ƙare, Ammu Shahata yana rufe famfon man da ke ba tandar wuta. Rurin ya tsaya. Ya ɗaura jiƙaƙƙen buhu a kan sanda ya share cikin tandar, sannan ya hau sama ya zauna a kujerar kaba yana fifita da kwali, don azumi yana cin sa. Ba ya sake kunnawa sai an kusa kiran azahar. A tsakanin nan ba mai kawo tire, kowa ya san tanda tana barci. Amma tubalin bai huce ba. Na ga kyanwar gidan tana zuwa bakin ramin ta tsaya ta koma. Na ga buhun da ya rataye a ƙofar tandar ya bushe kafin mai lemo ya kai ƙarshen layi da amalankensa. Tanda mai barcin nan ita ce tandar Ibu, sai dai ta fi ta girma sau ashirin.

Rana ta huɗu na yi kwaɓi na ƙarshe. Na kai tirorin da hantsi, sawu uku, na jera su a inuwar bango na rufe da jiƙaƙƙen zane. Yana kujerarsa, idonsa a lumshe. Mata biyu suna gefe suna jiran karɓar tirorin aro.

Na yi sallama. Bai ji ba. Na sake.

Ya buɗe ido ɗaya. "Mai mulukiyya. An kashe wuta, ki dawo da la'asar."

Na ce, "Yanzu nake so, ya Ammu."

"Yanzu babu wuta."

"Akwai wadda ta ishe ni."

Ya buɗe ɗaya idon. Ya juya wajen matan ya ce, "Kun ji? Ashe tana magana. Shekara nawa tana wucewa ta nan, na ɗauka kurma ce." Suka yi dariya, amma ba kamar ta ranar farko ba, don suna so su ji ƙarshen zancen.

Na zaro takarda fara daga littafina na miƙa masa. Na ce ya ɗora a katakonsa ya tura tsakiyar tandar.

Ya ce, "Wasiƙa za ki aika wa wutar?"

Amma ya tashi. Ina jin don ya ba matan abin dariya ne. Ya sauka matakala uku yana nishi, ya ɗora takardar, ya tura. Na ƙirga a fili, da Larabci, ana ji. Muryata ta yi rawa har wajen talatin, daga nan ta daina. Da na kai ɗari na ce ya fitar. Ya fitar. Shayi da madara. Ya ɗauki takardar da yatsa biyu ya juya ta, ya shinshina, ya kalli bakin tandarsa kamar yau ya fara ganin ta.

Ya ce, "To, an gasa takarda. Sai me?"

Na ce na ranar nan bai ƙi nuna ba, ya nuna tun leƙawarsa ta farko. Na ce wannan ba a duba samansa, gindinsa ake dubawa, kuma tsakanin nunarsa da ƙonewarsa bai kai a sha kofin ruwa ba.

Ɗaya daga cikin matan ta dafa ƙirji. "Ke yarinya, Ammu Shahata kike koya wa gashi?"

Shi bai yi dariya ba. Ya jingina katakon a bango ya riƙe ƙugu, yana ƙasa ina sama, don haka karo na farko ni ce nake kallon babba daga bisa. Ya ce, "Kahak ɗin unguwar nan duka ta hannuna ya bi, har na bikin uwar wannan da take magana. Faɗi abin da kike so, azumi nake."

Na ɗauko tire na farko daga ƙarƙashin zanen. Man bai fara gumi ba tukuna, amma ya kusa. Na zo bakin matakalar na sa ƙafa a ta farko.

Na ce, "Ka bar ni in sauko ramin, ya Ammu. Kai ka riƙe katako, tandarka ce. Amma ni zan tsaya a bakinta da wuƙata, kuma in na ce a fitar, a fitar, ko da kore ne shar. Yau, da kowace rana da hantsi in ka kashe wuta."